Karen Ruwa-Biyu a Gidan da Akwai Ƙananan Yara: Amsar Likitan Dabbobi

Wani magidanci da ya tare a sabon gidansa a bayan Rigachikun ya aiko da tambaya. Ya ce abokin aikinsa ya yi masa tayin ɗan kwikwiyo mai mako shida, uwarsa karyar gida ce irin tamu, uban kuma an ce Alseshan ne, wato karen 'yan sanda, na wani maƙwabci. Yana da yara uku, babban shekararsa 10, mai bi masa 7, auta kuma 3, ga kaji da awaki biyu a bayan gida. Yana son karen da zai yi masa gadi da dare, wanda kuma yara za su iya zama da shi a tsakar gida ba tare da fargaba ba. Mai bayarwa ya ce masa ruwa-biyu ba ya ciwo, wani kuma ya ce masa ruwa-biyu ba shi da amana, wata rana sai ya juya wa mai shi. Yana son sanin wanne ne gaskiya, kuma ya karɓa ko ya haƙura.

Malam, duka maganganun biyu na sha jin su a wurin aiki, kuma babu wadda za ka iya dogara da ita. Ruwa-biyu ba wani jinsi ba ne mai hali guda da za a ce ga yadda yake. Abin da kalmar ke nufi kawai shi ne uwa daban, uba daban. A ciki ɗaya sai ka ga wani ya ɗauko tsayin uba da baƙin bayansa, wani ya ɗauko siririn jikin uwa da gajeren gashinta, kuma yadda kamanni ke rarrabuwa haka hali ma ke rarrabuwa, ba lallai ne su tafi tare ba. Kwikwiyon da ya fi kama da Alseshan a fuska yana iya zama shi ne ya fi ɗauko halin uwarsa. Akwai ma wani abin da masu bayarwa ba su cika faɗa ba, wataƙila don su ma ba su sani ba: karyar da ke fita waje lokacin da take neman barbara tana iya ɗaukar cikin karnuka biyu ko fiye a lokaci guda, ta haifi 'ya'yan da ubanninsu daban-daban ne. Saboda haka maganar uba, idan ba a killace karyar aka haɗa su da gangan ba, ka ɗauke ta a matsayin zato.

A shekarar 2022 wasu masana a Amurka sun fitar da sakamakon wani babban bincike da ya haɗa bayanan karnuka sama da 18,000 daga bakin masu su, aka kuma duba ƙwayoyin halittar fiye da 2,000 daga ciki. Abin da suka gano shi ne jinsi yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kacal na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Wannan ba ya nufin gado ba shi da tasiri, domin barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma tsoro da saurin firgita na cikin halayen da ake gada. Abin da yake nufi shi ne sunan jinsi ba zai gaya maka abin da ganin iyayen zai gaya maka ba. Tunda uwar tana gidan abokin aikinka, ka je da kanka ka gan ta kafin ka ce komai. Ka tsaya a bakin ƙofa ka lura: za ta yi haushi, wannan aikinta ne, amma idan mai gidan ya yi mata magana, ya gaisa da kai, shin tana sassautowa ta zo ta shinshina ka, ko kuwa tana maƙalewa a lungu, wutsiya a tsakanin ƙafafu, tana gurnani ba ƙaƙƙautawa? Karyar da ta kasa natsuwa bayan mai ita ya karɓi baƙo, ni ba na ba mai ƙananan yara shawarar ɗaukar ɗanta, ko da kyauta ne. A abin da na gani a shekarun aikina, karen da ya fi cizon mutane ba jarumi ba ne, matsoraci ne wanda aka ƙure.

Idan maganar uban ta tabbata, to haɗin ba mummuna ba ne. Alseshan, wanda wasu ke kira karen 'yan sanda, asalinsa karen kiwon tumaki ne da aka tsara jinsinsa a Jamus a 1899. Yana da kaifin fahimta, yana maƙale wa mutanen gidansa, yana kuma ɗari-ɗari da baƙo. Namijinsa kan kai kilo 30 zuwa 40. Amma kare ne da ba ya jure zaman banza, idan aka bar shi ba motsa jiki ba hulɗa sai ya koma haushi dare da rana, da tonon ƙasa, da tauna duk abin da ya samu. Karen gida kuma ya fi shi ƙanƙanta da sauƙin jiki, yana da kunne da sa ido, yana da 'yancin kai, kuma idan daga zuriyar karnukan mafarauta ya fito, son bin abin da ke gudu yana cikin jininsa. Wannan na ƙarshe shi ne abin da ya shafi kajinka. Ka gyara akurki tun yanzu, ka kuma nuna masa kajin da awakin tun yana ƙarami, yana riƙe da igiya a hannunka, ana hana shi da murya duk lokacin da ya yunƙura, ana yaba masa idan ya kawar da kai.

Kada ka karɓe shi a mako shida. Ka roƙi abokin aikinka ya bar shi da uwarsa har ya cika mako takwas, domin a waɗannan makonni biyun ne yake koyon abin da kai ba za ka iya koya masa ba. Idan ya ciji ɗan'uwansa da ƙarfi a wasa, wancan zai yi ƙara ya daina wasan, uwar ma za ta tsawatar masa, ta haka yake gane iyakar haƙorinsa. Daga mako uku zuwa kusan mako 12 ko 14 ƙwaƙwalwar kwikwiyo a buɗe take, duk abin da ya saba da shi a lokacin cikin kwanciyar hankali zai ɗauke shi abin yau da kullum har tsufansa, abin da bai gani ba kuma zai riƙa kallonsa a matsayin barazana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Don haka a watan farko da zai yi a gidanka, ya ga mace da hijabi da namiji da babbar riga, ya ga tsoho da sanda, ya ga mai ruwa yana turo kura, ya ji ƙarar janareto da babur da injin niƙa, ya ga almajiri ya yi sallama a ƙofa an miƙa masa abinci ya tafi lafiya. Duk wannan a cikin gida ko a bakin ƙofa za a yi, saboda dalilin lafiya da zan zo kansa.

Na san akwai masu ganin cewa karen da ya saba da mutane ba zai yi gadi ba, shi ya sa suke kulle kwikwiyo a keji mai duhu, ko su ɗaure shi da gajeriyar sarƙa a bayan gida, su hana kowa zuwa kusa, wasu har su zuba masa barkono a abinci wai don ya yi zafi. Wannan ita ce al'adar da na fi baƙin ciki da ita a wannan sana'a. An taɓa kira na wani gida a nan cikin gari domin in duba wani kare mai kimanin shekara biyu da ya ciji yarinyar gidan a kumatu. Na same shi ɗaure a gindin tankin ruwa, sarƙar ta cinye gashin wuyansa har fata ta yi kanta, ƙasan wurin ya zama rami saboda kai-komo a taku uku, kwanon ruwansa a kife. Yarinyar ba ta yi masa komai ba, ƙwallonta ne ya gangara kusa da shi ta sunkuya ɗauka. Wannan kare bai san ta ba, alhali a gida ɗaya suka girma. Karen gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san mutanen gida sarai, ya san yadda baƙon arziki ke shigowa da rana, don haka yake gane wanda ya hauro katanga da ƙarfe biyun dare. Amfaninsa a gare ka shi ne haushin da zai tashe ka, kuma wannan ba sai an koya masa ba, zai zo da kansa idan ya fara girma.

Game da yara, babban da mai bi masa za su iya koyon ƙa'ida, har su taimaka wajen ba shi abinci da koya masa zama da zuwa idan an kira shi. Autan ne abin kula. Yaro mai shekara uku tsayinsa daidai yake da fuskar kare, yana gudu yana ihu, yana jan kunne da wutsiya, kuma ba ya gane gargaɗi. Shi ya sa cizon da ake yi wa ƙananan yara ya fi yawa a fuska da kai, kuma galibi daga karen da suka sani ne. Ƙa'idar da ba ni da sassauci a kanta ita ce kada a bar shi shi kaɗai da karen, ko na minti ɗaya, komai kyawun halin da karen ya nuna. A gaya wa uwargida da duk wanda ke taya ta aiki. Kada yaro ya je wurin kare yana cin abinci, ko yana barci, ko yana ciwo. Ku kuma koyi karanta jikinsa: idan ya sandare, ya kawar da kai yana kallon gefe har farin idonsa ya bayyana, yana lasar leɓe, to ya gaji, a janye yaron. Idan ya yi gurnani kada a doke shi, domin gurnani sanarwa ce, kuma karen da aka hana sanarwa shi ne wanda daga baya za a ce ya yi cizo ba zato ba tsammani. Ina kyautata zaton daga nan ne maganar rashin amana ta samo asali.

Sai batun lafiya. Akwai ƙanshin gaskiya a maganar mai bayarwa, amma ya faɗaɗa ta fiye da kima. Jinsunan da aka daɗe ana haɗa dangi da dangi domin a tsare kamanninsu sukan tara cututtukan gado, kuma shigowar sabon jini yana rage wasu. Wani bincike da aka buga a 2013 daga asibitin dabbobi na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya duba karnuka sama da 27,000 a kan cututtukan gado 24: guda 10 sun fi yawa a tsantsar jinsi, guda ɗaya ya fi yawa a ruwa-biyu, sauran 13 kuwa babu bambanci, kuma cikin waɗanda babu bambancin har da lalurar mahaɗar ƙugu, wadda ita ce aka fi sanin Alseshan da ita. Don haka idan ka samu ganin uban, ka lura da yadda yake tashi daga kwance da yadda yake gudu; wanda ke haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo, ko yake jan ƙugu, yana iya ba ɗansa. Inda jinin uwar zai amfane shi sosai shi ne yanayinmu. Gajeren gashi da sauƙin jiki suna taimakawa a zafin Maris da Afrilu, lokacin da manyan karnuka masu gashi irin Kokeshiyan ke galabaita a Kaduna, domin kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. Duk da haka inuwa da ruwan sha mai tsabta wajibi ne a kowane lokaci, a hunturu kuma kwikwiyo na buƙatar buhu ko katako da zai kwanta a kai, a wurin da iska ba ta bugawa.

Amma babu jinin da ke kare kwikwiyo daga fabo. Wannan cuta ce ta ƙwayar bairos mai kama hanji, tana farawa da ƙin abinci da lanƙwamewa, sai amai, sai gudawa mai jini da wani irin ƙarni wanda duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Sau da yawa ana kawo mini su a kwali, ido ya faɗa, fata idan ka ja ta ba ta komawa, mai shi yana cewa shekaranjiya lafiyarsa ƙalau. Ƙwayar tana iya yin watanni a ƙasa, tana kuma shigowa gida a tafin takalmi, kuma Alseshan da Rotwaila na cikin jinsunan da ta fi yi wa illa. Rigakafinta na cikin allurar haɗin da za ka ga an rubuta DHLPP a katin rigakafin kare, wadda ake farawa a mako shida zuwa takwas, a maimaita bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai kusan wata huɗu. Kafin ya kammala, kada ya taka titi, kada ya haɗu da karnukan unguwa. Ka tabbata likitan dabbobi ne ya yi, ka ga an ciro kwalbar daga sanyi, an manna takardarta a katin. Allurar da ta yini a aljihu ko ta kwana a firjin da babu wuta, ruwa ce kawai.

Allurar da ta fi kowace muhimmanci ga iyalinka ita ce ta ciwon haukan kare. Ana yin ta idan ya cika wata uku, sannan a sabunta duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana yin wannan allura ta karnuka a nan gida, don haka ba abin da ya fi ƙarfin magidanci ba ne. Idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, naka ne ko na waje, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa toka ko ƙona gashin karen. Karen kuma a killace shi a sa masa ido kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, maimakon a yi gaggawar kashe shi a jefar, domin halin da zai shiga a kwanakin nan bayani ne da likitan mutane ke buƙata.

Sauran matsalolin na yau da gobe ne. Kaska tana yawaita da damina, tana ɓuya a tsagar bango da cikin kunne da tsakanin yatsu, tana kuma ɗauke da cututtukan jini masu sa zazzaɓi da ɗashewar dasashi, wani lokaci har haɓo. Ɗaya daga cikinsu ta fi tsananta a jinin Alseshan. Akwai magungunanta na dabbobi, na wanka da na ɗigawa a ƙeya da na haɗiya. Kada a yi masa wanka da piya-piya ko maganin feshin gona, kada kuma a shafa masa baƙin mai don ƙazuwa. Na ga karnukan da wannan ya kashe cikin sa'o'i, suna dalalar da yawu suna karkarwa. Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane su ma suna iya yi masa mummunan lahani. Maganin tsutsar ciki ana ba kwikwiyo duk mako biyu har wata uku, sai duk wata har wata shida, daga nan duk wata uku, a kuma kwashe kashinsa kullum, domin wasu tsutsotsin na kama yaran da ke wasa da ƙasa. Idan ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya a cikinsa ko ƙafafunsa da damina, tsutsar wani ƙuda ce da ke saka ƙwai a ƙasa mai damshi da fitsari, maganinta a cire ta a kuma busar da makwancinsa. Abin da ya gagari likitan da ke kusa da kai, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Ɗumame da ƙanzo kaɗai ba za su gina kwikwiyon da zai yi girma irin wannan ba. Yana buƙatar nama ko kifi ko ƙwai a kan tuwon ko shinkafar, sau uku zuwa huɗu a rana yana ƙarami, sau biyu idan ya girma, kuma kayan ciki daga kwata, idan an dafa su, suna da araha da amfani. A guji miyar da ta sha albasa da tafarnuwa domin suna lalata masa jini, a guji dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa, da cakulan, da goro. Ka lissafa wannan da kuɗin allurai a kan shekara 10 ko fiye, domin tsawon zaman da za ku yi ke nan idan Allah ya raya shi.

Ban san ko ka riga ka tattauna da malaminka ba, kuma fatawa ba fagena ba ce, amma sananne ne cewa hadisi ya yi izinin riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da dama kuma sun yi ƙiyasin tsaron gida a kai idan akwai buƙata. A aikace abin da na ga ya fi zaunar da gida lafiya shi ne karen ya samu wurinsa a harabar gida, da kwanonsa na kansa, ba ya shiga ɗakuna, amma kuma ba a yasar da shi ba. Haƙƙin maƙwabta ma yana kanka: katanga ta zama ba ta da kafa, ƙofa ta riƙa rufuwa, kada a sake shi ya kwana yawo a unguwa, inda zai yi faɗa, ya kwaso cuta, ko ya tsorata masu zuwa sallar asuba. Idan ba ka da niyyar kiwo, ka yi magana da likita a kan fiɗiya idan ya girma, tana rage yawon neman mace, kodayake ba ta gyara halin da rashin tarbiyya ya ɓata.

Ra'ayina shi ne ka karɓa, idan uwar ta ci jarrabawar da na faɗa, idan an yarda a bar shi ya kai mako takwas, idan kuma uwargida ta amince da zuciya ɗaya, tunda ita ce za ta yini da shi da autan alhali kana wurin aiki. Ga gida irin naka, na fi natsuwa da wannan haɗin a kan Bowabul ko Kokeshiyan da ake sayarwa da tsada, waɗanda ƙarfinsu ya wuce abin da yaro ko mace za su iya riƙewa. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, ka haƙura har autan ya kai shekara biyar ko shida. Ranar da za ka je zaɓa, ka tsuguna ka tafa hannu a hankali: ka bar wanda ya gudu ya ɓuya, ka bar wanda ke danne 'yan'uwansa yana kama hannunka ba saki, ka ɗauki wanda ya zo da kansa yana kaɗa wutsiya, ya yarda ka taɓa kunnensa da ƙafafunsa. Ka duba dasashinsa ya zama ja-ja ba fari ba, ido da hanci ba ruwa, ƙarƙashin wutsiya ba alamar zawo, sannan daga gidan ka wuce da shi wurin likita kafin ka kai shi gida.